Jatau da Cinyar Sa

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu saurara.

A wani gari an yi wani saurayi, Jatau, mai gaggawar tsiya. Burinsa ya gaji rumfar mahaifinsa, Sarkin Fawa. Amma da ya kama wuƙa sai sara, yana cewa, "Nama ai nama ne!"

Ran nan tsohon ya ajiye masa cinyar sa, ya ɓoye wuƙa. Ya ce, "Raba tsokar nan da yatsunka, kowace da irinta. In ka kasa, rumfa ta ƙanenka ce."

Jatau ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. "Baba, masu saye za su tafi!"

"Su tafi."

Ya fizga, nama ya ƙi. Ya sake fizga, nama ya ƙi. Da ya gaji, sai ya bi farin tantani a hankali. Sai ga tsoka ta fito sumul, mai ciki kamar mazari. Ga wata doguwa kamar ɗamara, ga wata kamar gashin tsuntsu.

Wani mai saye ya ce, "Jatau, yau barci kake?"

Bai ko ɗaga kai ba. "Dakata, malam, akwai wata a ƙarƙashi."

Sai tsohon ya miƙa masa wuƙa.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɓera.