Gyaran Muryar Ja'afaru

Barira na tsintar shinkafa a tsakar gida Iya ta faɗa mata cewa yau mahaifinta, Malam Inuwa, zai mayar wa Ja'afaru kayan sa ranarsa. Saura kaɗan tiren ya suɓuce mata.

Kaf cikin birni an san Ja'afaru da ƙwaƙwalwa. Ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara sha huɗu, a jami'a kuwa, can harabarta ta Kongo, bai taɓa zuwa na biyu ba. Shekarar ƙarshe ciwo ya same shi, ya riƙa magana shi kaɗai, sai da ya yi wata biyar a asibiti. Ya dawo shiru-shiru, magani ya sa masa nauyin baki. Mutanen unguwa, da ba sa rasa fatawa, suka ce karatu ne ya ƙona masa kai.

"Iya, likita fa ya ce ba basirarsa ce ta jawo ba, kuma tana nan!"

"'Yar nan, wanda kike so ya tafi, gangar jikin aka dawo mana da ita."

Bayan la'asar Ja'afaru ya zo wurin Malam, Barira ta laɓe a bayan ƙofar zaure. Malam na ƙaunar yaron, ya rasa ta inda zai soma, sai ya ci gaba da rubutun Alƙur'aninsa da ka, yana karantawa a fili. Ja'afaru ya yi gyaran murya. Malam bai kula ba. Ya sake yi, sannan ya ja ayar a hankali kamar don kansa.

Malam ya duba takardar. Ashe harafi guda ya tsallake, harafin wawu.

"Me ya hana ka ce na yi kuskure?"

"Ai ba a faɗa wa uba haka, Malam. Kuma ba zan ɓoye muku ba — likita ya ce ciwon na iya dawowa."

Malam ya ajiye alƙalami, sannan ya ce, "Barira, na san kina nan. Kin ji da kunnenki. Za ki iya?"

"Zan iya, Baba," ta ce, hawaye na zuba.

An ɗaura aure bayan Babbar Salla. Ciwon ya dawo sau biyu, sau biyun Barira ta zauna da shi a asibiti har suka komo gida tare. Lalura takan rufe basirar mutum na ɗan lokaci, amma mai haƙurin zama da shi yakan iske ta inda take.