Rubutun Ƙarƙashin Gado

Da safiyar wata Asabar, Amarya tana durƙushe a bakin gado tana murza yatsun hannun mijinta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ma'aikaciyar asibiti ta koya mata. Shekara shida da aurensu, amma har yau dangin miji Amarya suke kiranta. Mijin kafinta ne, mutum mai ƙarfi da yawan barkwanci. Wata huɗu ke nan da ya faɗi a shagonsa da zarto a hannu, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya ɗaure. Ido kaɗai ya rage masa, da shi yake bin ta duk inda ta juya.

"Ƙara matsewa, Malam," in ji ta. "Ai kai ma ba ka tausaya mini ba lokacin da kake koya mini baƙi."

Malam take ce masa, shi kuma Ɗaliba yake ce mata, domin ta shigo gidansa ba ta san ko harafi ɗaya ba. Shi ya koya mata karatu da fensirin aikinsa a kan guntayen katako. Ta yi masa murmushi, amma zuciyarta a bushe take. Wata huɗu tana roƙon Ubangiji ya tashe shi, ba ta ga amsa ba, har ta fara tsoron ko addu'arta ba ta wuce rufin ɗaki.

Sai aka banko ƙofa. Mama ce, uwar mijinta, babban ɗanta direba, wanda Amarya take kira Yaya, yana biye da ita.

"Sannu da zuwa, Mama. Yaya, ina kwana?"

"Riƙe gaisuwarki!" in ji Mama. "Jiya na je wurin mai wahayi. Ya rufe ido, ya ce an nuna masa komai. Wadda take kwana kusa da ɗana ita ta ɗaure shi, kuma abin yana ƙarƙashin gadon nan!"

"Mama, ni? Likita ya ce hawan jini ne —"

"Likita ya san allura, bai san mugunta ba! Za mu duba. Idan aka ga wani abu, yau ɗin nan za ki tattara kayanki, ba za ki ƙara taɓa shi ba."

Yaya ya sosa ƙeya. "Amarya, ki yi haƙuri. Cekin kawai za mu yi, minti biyar, hankalin kowa ya kwanta."

Magana mai zafi ta taso mata har maƙogwaro. Wa ya wanke shi wata huɗu? Wa ya ba shi abinci cokali-cokali? Amma ta dubi mijinta, ta ga hawaye na bin gefen fuskarsa, sai ta haɗiye. A cikin ranta ta ce, "Ubangiji Yesu, ni ban ga hanya ba. Kai ka gani."

Suka ɗaga kafinta zuwa kujera. Yaya ya ɗauke katifa, ya fara cire katakon gado yana juyawa. Na farko babu komai. Na biyu babu komai. Da ya juya na tsakiya, sai ya tsaya cak. Layi huɗu na rubutun fensir ne a jikinsa.

"Ga shi nan!" Mama ta dafe ƙirji. "Rubutun asiri! Wayyo ɗana! Ban faɗa ba? Ban faɗa ba?"

Amarya ta leƙa katakon. Ba ta taɓa ganin rubutun ba. Mama, wadda ba ta iya karatu ba, ta tura mata katakon. "Karanta da bakinki, mu ji abin da kika sa aka rubuta!"

Amarya ta ɗora yatsa a kan harafin farko, domin har yanzu da yatsa take bin layi. Ta karanta a hankali, kalma bayan kalma:

"Ya Ubangiji, na gama gadon aurenmu. Na san ranar wahala za ta zo mana a kansa. Idan ta zo, ka buɗe mana ido mu gan ka a tsakiyarta. Kada mu ga abokin gaba a fuskar juna."

"Ƙarya take yi! Daga kanta take tsarawa!" in ji Mama.

Yaya ya karɓi katakon, ya matso da shi wurin taga. Ya daɗe yana dubawa. "Mama, abin da ta karanta shi ke nan. Kuma rubutun hannun ƙanena ne. Wannan karkataccen rubutun tun muna firamare ake dukansa a kai. Ga ma kwanan wata, mako ɗaya kafin aurensu."

Nan Amarya ta tuna. Duk abin da mijinta ya ƙera, kafin abin ya bar shago, sai ya kifa shi ya sunkuya da fensir. Ta ɗauka awo yake rubutawa.

"Mama," ta ce da ladabi, "don Allah a juya kujerarki."

Ƴar kujera ce da kafinta ya yi wa uwarsa domin ciwon gwiwa, tana ajiye a kusurwar ɗakin. Yaya ya kifa ta, ya karanta da kansa:

"Uwata mai saurin tsoro ce, domin ƙaunarta tana da yawa. Ya Ubangiji, idan tsoro ya rufe mata ido, ka riƙe hannunta."

Mama ta sulale ƙasa, ta rungume kujerar, ta fashe da kuka. "Na ji tsoro ne kawai. Na binne ubansa, na ji tsoron in binne shi. Sai na nemi wanda zan ɗora wa. Ƴata, da wane baki zan roƙe ki?"

Amarya ta durƙusa ta riƙe hannunta. "Ni ma na ji tsoro, Mama. Har na zaci Allah ya yi shiru. Ashe amsar tana ƙarƙashinmu shekara shida, muna kwana a kanta."

Sai suka ji wani sauti daga kujerar da aka zaunar da kafinta. Kafinta yana kokawa da harshensa, gumi ya keto masa.

"Ɗa… li… ba."

"Na'am, Malam!" Ta tashi da gudu, kuka da dariya a haɗe.

"To, madalla," in ji Yaya yana share ido da hula. "Wata huɗu muna jira, da ya buɗe baki kuma ba uwa ba, ba wa ba, sai mata!"

Bai warke a rana ɗaya ba. Sai da shekara ta zagayo kafin ya taka da sanda, kuma hannun daman bai komo ba. Amma Mama ba ta ƙara zuwa wurin mai wahayi ba. Ta riƙa zuwa ta zauna a kujerarta, Amarya na koya mata harufa a kan guntun katako.

Ya kai mai karatu, ka lura da kyau. Ba duk mai cewa an nuna masa ne yake gani ba. Ganin da ya tura ka neman wanda za ka zarga, daga tsoro ya fito. Ganin da Almasihu yake bayarwa shi ne wanda yake sa ka gane shi yana tare da kai a cikin wahala, ka kuma gane masoyinka a gefenka. Irin wannan ido da haƙuri da addu'a yake buɗewa, kuma tun kafin ranar wahala ake roƙonsa.