Gorar Madam Goggo

Da hantsi aka kira komisariyar 'yan sandan Dakoro, aka ce wata malamar ajin ƙananan yara ta faɗi tana kumfa. Kafin Insifekta Kalla ya isa gidan likita, Madam Goggo ta cika. Ya shinshina gorar ruwanta, sai warin fiya-fiya, maganin ƙwari.

A lakwal ɗin, makarantar da take koyarwa, dirakta Harisu ya rantse kowa na son marigayiyar.

"To me ya sa take zuwa da gora, ga randar malamai a bakin biro, ofishinka?" in ji Kalla.

Dirakta ya ce ra'ayinta ne.

Dela mai shara ta ja Kalla bayan aji ta faɗa masa gaskiya. Tun da aka turo Goggo daga Bader Goula, malamai ke kiranta 'yar daji mai ƙarnin nono. Idan ta sha da moɗa, sai an wanke da sabulu a gabanta. Ta kai ƙara, dirakta ya ce wasan Fulani da Hausawa ne. Daga nan ta sayi gora. Malamai kuma, da aka tambaye su wa suke zargi, duk sun nuna Abarci, wani uba da ya taɓa marinta gaban ɗalibai.

An ɗauko Abarci daga kasuwar Kornaka, inda ya yini tun asuba da shaidu. Ya amsa marin, kansa a ƙasa. Ya ce ya ba ta haƙuri tuni, har ɗiyarsa kullum a gorarta take sha, kamar duk 'yan ajin.

Kalla ya koma ya tambayi wane yaro ne a ajin Goggo bai zo ba yau. Ɗaya ne, Amiru, ɗan Madam Adawiyya mai aji na kusa. Ta ce zazzaɓi yake. Kalla ya bi ta gida, ya tarar da yaron garau yana buga ƙwallo.

"Me ya hana shi zuwa, madam?"

Kalla ya ƙara matsowa kusa da ita.

"Kin san abin da ke cikin gorar."

Ta zauna a dokin ƙofa. Ta ce Amiru ya fara gaishe ta da Fulatanci, yana kiran Goggo Inna, ba ya cin abinci sai an ce Goggo ta ce. Ita ciwo kawai ta so ta sa mata, ta koma dajinsu. Da safe ta zuba maganin, lokacin da ake ɗaga tuta.

"Naki kin ɓoye shi a gida," in ji Kalla. "Na mutane fa? Da ba ita ta fara sha ba, gawa nawa za mu ɗauka?"

Aka sa mata ankwa. Ana kai ta mota, Amiru ya biyo su da ƙwallonsa, yana tambaya ko gobe zai je wajen Inna.