Hannun da Ya Karɓi Diyyar Illa

Ranar Litinin da hantsi wata mata mai suna Baiwa ta shigo komisariyar Matameye, wato ofishin 'yan sanda, ta ajiye takarda a kan teburin Sufeto Abdurrazak, ta ce an sace diyyar mijinta.

Mijin, Illa, manomin rake ne. Wata bakwai ke nan da mota ta banke shi a hanyar Ɗan Barto, ta ragargaza masa hannun dama. Kotu ta yanke masa miliyan biyu, kamfanin asiransi, wato inshora, zai biya a madadin mai motar. An yi ta jira, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Da Baiwa ta gaji ta je ta sami direban, shi kuwa ya fito mata da rasit: an biya tun sati uku, ga dangwalen yatsa a ƙasa.

"Likitan nan garin ya ce in ba a yi aiki a Zinder cikin kwana goma ba, yanke hannun za a yi," in ji ta. "Yau kwana shida, ranka ya daɗe."

Tun daga zauren gidansu wari ya tarbi Sufeto. Ya san warin nan, kuma duk inda ya taɓa jin sa ba a ƙare lafiya ba. Illa na kwance a tabarma, hannun na ɗaure cikin karan ɗori, yatsun sun kumbura sun yi duhu. Sau uku ke nan ana ɗora shi, ƙashin ya ƙi kamawa. Sufeto ya miƙa masa rasit ɗin ya duba. Illa ya yunƙura, damar ko motsi ba ta yi ba, sai ya karɓa da hagu yana ba da haƙuri, kunya ta kama shi kamar ya yi zagi.

Ya rantse rabonsa da Zinder, inda aka biya kuɗin, tun da aka sallame shi daga asibiti. Katinsa na ɗan ƙasa kuwa yana wurin yayansa Shekara, wanda ya tsaya masa a shari'ar tun farko. Allah dai ya saka wa Yaya, in ji shi.

Shekara na bakin garkarsa. Doguwar fuskar nan ta Illa ce, ba abin da ya bari. Baki gare shi kamar zuma: ya yi salati, ya ce katin ya ɓace masa a tasha, ranar biyan kuwa yana Kano wurin cin rani. Shi fa tun farko ya ce a yafe, haɗari ƙaddara ne, kuɗin jini ba su da albarka. Sufeto dai ido ya zuba wa sabon injin ban ruwa da ke ruri a bakin rijiya.

Daga nan ya wuce gidan Ɗan'azumi mai ɗori. Tsohon ya ce shi ya daɗe da faɗa musu ciwon ya fi ƙarfin kara, su koma likita, yayan ne ke cewa a ƙara haƙuri.

"Baba, yaushe rabonka da Shekara?"

"Sati uku. Ya zo neman kara da zare, wai akuyarsa ta karye. Na dai ce masa wannan akuya da dogon dantse take."

Talata da safe Sufeto ya hau hanyar Zinder, ransa a jagule, saura kwana uku. Mai biyan kuɗi a ofishin kamfanin dattijo ne, Alhaji Gambo, ya kuma tuna mutumin sarai. Ya zo da kati, fuska ta yi daidai, hannu na ɗaure tun daga kafaɗa, da hagu ma ya dangwala.

"Amma akwai tarbiyya," in ji Alhaji. "Da na miƙa masa ambulan ɗin sai ya rusuna, ya ɗago hannun nan mai ciwo ya karɓa. Wallahi har na ji tausayinsa."

"Da damar ya karɓa, Alhaji?"

"To da me zai karɓa? Ɗan mutunci zai karɓi abu a hannun babba da hagu?"

Nan take Sufeto ya tuna. Jiya-jiyan nan ya ga hannun Illa ya kasa ɗaukar takarda guda.

Da la'asar aka kawo Shekara komisariya, ya tarar da Alhaji Gambo da Ɗan'azumi a zaune. Ya fara kame-kame, wai kama ce kawai, kowa ya san suna kama. Sufeto bai yi musu da shi ba, ya dai maimaita masa abin da Alhaji ya gani, a hankali.

"Ka ɗaure hannu, ka koyi nishi, ka dangwala da hagu. Abu ɗaya ka kasa, abin da uwarka ta koya maka da mari tun kana rarrafe."

Shekara ya sulale ƙasa. Ya ce shekara biyu rakensa na ƙonewa, shi aro ya yi niyya, in ya yanke rake ya mayar. Ya zaci ɗorin zai kama. Sauran kuɗin, miliyan ɗaya da 'yan kai, suna cikin rumbu.

"Ka ji warin ɗakinsa?" in ji Sufeto.

"Na ji."

"Kullum?"

Shekara ya sunkuyar da kai. Aka sa masa ankwa, aka tisa ƙeyarsa zuwa ciki.

Laraba da sassafe suka kai Illa Zinder. Likita ya kwance karan, ya daɗe yana dubawa, sannan ya girgiza kai. Ciwon bai jira kwana goman ba.

Bayan sati biyu Sufeto ya kai masa abin da aka ƙwato, da kuɗin injin da aka sayar. Takaici ya hana shi doguwar gaisuwa, ya dai miƙa ambulan ɗin. Illa ya karɓa da hagu. Wannan karon bai ba da haƙuri ba, don ita kaɗai ta rage masa.