Farcen Ata a Jikin Taya

"Sanjar, zaɓi ɗaya! Ko tayoyin nan, ko ni!"

Duk wanda ke shagon tayoyin sai da ya waiwayo. Ko a jikina. Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka a birnin Almati, kuma kamar yadda aka saba, rabin gari ya tuna da sauya tayarsa zuwa ta sanyi a rana ɗaya, layin motoci har bakin titi. A tsakiyar layin ga motar tseren Sanjar, ja jawur, kwance a ƙasa kamar kadangare, tana ta sheƙi a kan tayoyinta na lokacin zafi.

"Janim, rabin raina, rage murya mana..."

"Ba zan rage ba!"

"Akmaral, dubi faɗinsu fa. In na shiga kwana kamar an liƙa su da kwalta."

"A watan Yuli ba! Yanzu taɓa ka ji."

Na fizgo hannunsa na danna a jikin robar. Sanyi ya sandarar da ita ƙam, ta zama kamar dutse. Ya janye hannun yana murmushin nan nasa da ke kashe min jiki, amma ranar ko gezau ban yi ba.

Ni ce jikar fari a gidanmu, jikar fari kuwa ta kakanni ce. Ata, kakana, shi ya raine ni a ƙauyenmu can saman dutse, a bayansa na koyi hawan doki. Mutum ne mai wata ɗabi'a: in baƙo ya sauka a ƙofarsa lokacin sanyi, kafin ya kalli fuskarsa sai ya duƙa ya ɗaga kofaton dokinsa ya ga ko an buga masa ƙarfen taka ƙanƙara. In babu, baƙon zai sha shayi, zai ci nama, amma Ata ba zai ƙara ɗaukarsa mutum ba.

Ranar da na nuna masa hoton Sanjar jingine da motarsa, ture wayar ya yi.

"Wannan ba miji ba ne, botam, 'yar lelena. Zaman makoki ne mai ƙafa huɗu."

Na yi kuka, na yi magiya, na daina cin abinci. A banza. Shi ransa na kan Nurbol, ɗan amininsa, mai baƙar jif da zaƙin baki. Nurbol ɗin ne ma ya kawo shawara, wai a gayyaci "ɗan birnin" ranar Asabar, ranar da Ata zai yanka dokin da za a ci namansa har ƙarshen sanyi.

"Ya zo ya ci nama," in ji Ata. "Da motar tasa, ba ta aro ba. Wanda bai iya kawo kansa ƙofata cikin sanyi ba, ba zan damƙa masa 'yata ba."

Ni kuwa Allah ya sani, duk son da nake wa Sanjar, ba zan taka gidansa ba sai Ata ya ɗaga hannu ya sa mana albarka. In Asabar ta lalace, mun lalace.

"Nurbol fa ya kira ni," Sanjar ya ce yana share dusar da ta zauna a madubin motar. "Ya ce hanya fes take, an zuba gishirin narkar da ƙanƙara har ƙauye. Yaron kirki ne."

"Yaron kirki? Kura ce ta ce maka a kwana a gidanta, kai kuma har ka ɗauko bargo!"

Mai shagon, Alim-aga, wato yaya Alim, ya matso yana goge hannu, dariya na cin sa.

"Ƙanina, ka ji maganar mace ka zauna lafiya. Tayoyin sanyi masu ƙusa, girman naka, sun ƙare tun da safe. Amma ina da na kowane yanayi, masu kyau, ga tambarin dutse da ƙanƙara a jikinsu. Robarsu ba ta sandarewa. Sai dai sirara ne, ba za su hau waɗannan ƙarafunan naka masu walƙiya ba. Sai mu sa maka baƙaƙe."

Ya mirgino ɗaya. Kai! Muni kam ba a magana, kamar murfin tukunyar da ta shekara a kan murhu.

Sanjar ya dafe kai.

"Aga, so kake abokaina su yi min dariya har bazara?"

"Kuma ba laya ba ce," Alim-aga ya ƙara. "A dutse sai ka bi ta a hankali, kamar kana ɗauke da ƙwai."

"Muni, ga kuma tafiyar hawainiya! Janim, haba..."

A nan ne hawayen da nake ta dannewa suka ƙwace.

"Ka san babana a hatsarin mota ya rasu."

"Na sani, rabin raina."

"Ba ka san yadda aka yi ba. Kwana ta ƙarshe kafin ƙauye. Wani ɗan birni ne, da mota irin taka, da tayoyi irin naka. Ya taka birki, motar ta ce ba ta san zancen ba. Ata yana tsaye a ƙofar gida yana jiran ɗansa... a kan idonsa aka yi komai."

Na ƙara da cewa:

"Tun ranar, in za a wuce da shi ta kwanar nan, rufe ido yake yi."

Sanjar ya daɗe yana kallon motarsa. Sannan ya cire safar hannunsa ya share min hawaye da babban yatsansa, a gaban kowa, ko kunya babu.

"Alim-aga."

"Na'am, ƙanina."

"Kwance su. Duka huɗun."

Ranar Asabar tun da sassafe nake ƙauye. An yi yanka, tukunya na tafasa, mata na murza ƙullin da za a shimfiɗa nama a kai. Ni dai hannuna ne ke aiki, idona na kan hanya. Daga ƙofar Ata ana ganin titin yana nannaɗowa daga ƙasa, kuma gishirin da Nurbol ya faɗa ko ƙwaya babu. Fari fat, ƙarƙashinsa ƙanƙara kamar gilashi.

Ata ya fito da hularsa ta fata, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Maƙwabta suka taru, don labari ya riga ya zaga.

"Ga ta can!" wata ta ce.

Jan ɗigo ne a ƙasan dutse, yana rarrafowa.

"Wannan ce motar tseren? Ai jakina ya fi ta sauri!"

Aka kwashe da dariya. Na ciji leɓe har sai da na ji ɗanɗanon jini. Rarrafo, masoyina, na ce a raina. Su yi ta dariyar.

Sai ga baƙar jif a bayansa, tana zuba masa oda. Nurbol ne da mahaifiyarsa, Raushan-apa. Ya sha gabansa da gudu, ya watsa masa dusa a gilashi. Shi a tunaninsa tunda motarsa da ƙafa huɗu take ja, ƙanƙara ba ta isa ba, shi ya sa ko a jikinsa da batun canza taya. Ya manta cewa ja daban, tsayawa daban.

Ya iso kwanar ƙarshe.

Fitilun birkinsa suka kama, amma jif ɗin ba ta tsaya ba. Ta juya gefe, ta sake juyawa, ta tafi sululu kamar tire a kan tebur, ta daki tudun dusa da baya, ta dawo ta gindaya a tsakiyar titi.

Jar motar kuma na tafe a baya.

"Innalillahi!"

Na ji yatsun Ata sun damƙi hannuna kamar za su karya shi. Na kalle shi. Idanunsa a rufe, yana kiran sunan babana.

"Ata, buɗe ido!"

"Ba zan iya ba, botam..."

"Ata, don Allah duba! Duba!"

Jar motar ta rage gudu, ba ta karkace ba, ba ta yi rawa ba. Ta tsaya cak, miƙe kamar an ja mata layi, da sauran tazara tsakaninta da jif ɗin.

Ata ya buɗe ido.

Ihun da na yi, na tabbata har Almati an ji shi!

Muna kallo Sanjar ya fito da gudu, shi da kawunsa da ya rako shi neman aure. Suka fito da Raushan-apa, tana tafiya tana dafe da gwiwa. Suka taru suka tura jif ɗin har ta ba da hanya. Motar Sanjar kujera biyu ce tak. Sai muka ga kawun ya gyara hula ya kama hawa da ƙafa, tsohuwar kuma an lallaɓa ta an zaunar a kujerarsa.

Haka saurayina ya iso neman aurena, ɗauke da uwar abokin takararsa.

Da ƙyar aka zaro ta daga motar, tana haki tana faɗa.

"Wannan mota ce ko kabari? Kamar a ƙasa nake zaune! Amma yaron nan, Allah ya yi masa albarka. Shi kuwa wancan sakaran nawa, tun kaka nake ce masa ya canza taya, yana ce min, 'Apa, jif ce!' To ga jif nan!"

Sanjar ya tsaya gaban Ata, ya ɗora hannu a ƙirji, ya miƙa hannu biyu.

"Assalamu alaikum, Ata."

Ata ya amsa sallamar, amma bai karɓi hannun ba.

Ya wuce shi.

Sai ya nufi motar. Ata ya zagaya ta gaba, ya dogara da sandarsa, ya duƙa a hankali har gwiwarsa ta taɓa dusa. Ya share tayar da tafin hannu. Ya bi zanenta da yatsa. Sannan ya kafa farcen babban yatsansa a robar, ya danna.

Ta lotsa.

Ya zagaya ta biyu, ya danna. Ta uku. Ta huɗu. Duk sai da ya bi su, babu wadda ya ɗaga wa ƙafa.

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"A hoto ba waɗannan ƙafafun na gani ba. Masu walƙiya na gani."

"Na cire su, Ata."

"Waɗannan munana ne."

"Munana ne ƙwarai, Ata."

"Me ya sa ka sa su?"

Sanjar ya saci kallona, ya mayar da idonsa ƙasa.

"Akwai mai jirana a gida. Kuma duk wanda zan haɗu da shi a hanya, shi ma akwai mai jiransa."

Ata ya shafa gemunsa. Ya juya ya daɗe yana kallon kwanar nan, ido buɗe. Can ƙasa Nurbol ne ke tahowa da ƙafa, yana zamewa yana tashi, takalmansa na birni sun cika da dusa.

"Motar har yanzu ba ta yi min ba," Ata ya ce. "Amma an buga mata ƙarfe. Kawo hannunka, ɗana."

Ɗana!

Ban san lokacin da na durƙushe a dusa ina kuka ina dariya ba. Mata suka rufe ni, wata ta ɗebo alewa ta watsa mana a ka. Da aka zauna cin abinci, Ata da kansa ya yanko wa Sanjar nama ya sa masa a baki. Nurbol ya iso a jiƙe, ya raɓe a bakin ƙofa, uwarsa na aika masa harara kamar ta cinye shi. Da aka gama, Ata ya ɗaga tafukansa, kowa ya ɗaga. Ya roƙa mana hanya mai lafiya, da gida mai hayaƙin girki, da 'ya'ya masu jin magana.

"Amin!" na ce, na fi kowa ƙarfi, har aka yi min dariya.

A wajen zuba shayi Sanjar ya raɗa min, "Janim, yanzu na zaɓa daidai?"

"Sha shayinka, mai munanan ƙafafu."

Kafin dusa ta narke aka ɗaura aure. Ranar da za a sauka birni wajen biki, an jera manyan motoci don dattawa, amma Ata ya wuce su duka da sandarsa, ya je ya tsaya jikin jar motar.

"Buɗe min."

Ni da ƙawayena muna mota ta baya, ina leƙe ta cikin mayafi. Sanjar ya ja a hankali, yana lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai. Da muka iso kwanar na riƙe numfashi. Na hango hular Ata a tsaye, bai sunkuyar da kai ba, bai kau da fuska ba, har muka wuce.

Da muka sauka na tambayi angona, "Me ya ce maka a kwanar?"

"Addu'a ya yi wa babanki."

"Sai kuma me?"

Sanjar ya fashe da dariya har da hawaye.

"Da muka hau busasshiyar kwalta sai ya zungure ni da sanda, ya ce, 'Kai yaro, wai motar tseren nan ba ta da wata giyar ne?'"