Kamfanin da Ya Ci Ɗan Kunnen Nusaiba

"Ke Nusaiba, ina ɗan kunnen gwal ɗin da na saya miki na aure?" Inna Lantana ta tambaya tana kama kunnen 'yarta.

Nusaiba ta sunkuyar da kai. Daga Beli ta zo Karaye gaishe da iyayenta, bayanta goye da 'yarta Halima Sadiya.

"Inna, mun sayar, mun biya lauya da akanta."

"Innalillahi! Kamfanin nan sai ya cinye ki!"

Shekara uku ke nan da mahaifinta, Malam Dalhatu, ya ce ba zai ba mai matsar man gyaɗa 'yarsa ba, sai in sana'ar tana da takarda. Suhaibu, mai neman nata, ya sayar da bijimai biyu daga garken gidansu, ya yi wa kamfani rajista, aka rubuta Nusaiba a darakta ta biyu. Ranar da satifiket ya fito har kuka suka yi don murna. Ba wanda ya gaya musu rajistar ce mai sauƙi. Kowace shekara sai an kai rahoto, sai an biya mai duba lissafi, ga haraji, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Bara suka makara, tara ta hau kansu. Dangin Suhaibu kuwa tunda suka ji an ce "mai kamfani" suka daina yi masa uzuri, biki ko suna shi ake jira.

"Ba za ki koma ba!" in ji Inna. "Ya rufe abin nan, ya nemi aikin ƙaramar hukuma, sannan ya zo biko."

Kwana tara ta yi a gida, abinci ma sai an matsa mata. Ran na goma Suhaibu ya zo da la'asar, duk ya rame, ya durƙusa gaban Malam Dalhatu a zaure.

"Baba, na gaji. In rufewa ce za ta dawo min da iyalina, zan rufe. Amma lauya ya ce rufewar ma da kuɗinta."

Nusaiba ta fito daga bayan ƙofa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, ka yi haƙuri, ba a rufewa sai da sa hannuna, ni kuma ba zan sa ba. Mata bakwai ke soya mana gyaɗa a Beli, da mu suke cin abinci. Ɗan kunnen ni na cire da kaina, bai roƙe ni ba."

Malam Dalhatu ya dubi 'yarsa. Can ya nisa.

"Ni na ɗora muku wannan kaya don a ce surukina mai kamfani ne. Ɗauki mayafinki ki bi mijinki."

Sai da suka ƙara wata goma sha ɗaya cikin matsi kafin wani babban kanti a Kano ya nemi mai kawo masa mai duk wata, da sharaɗin takardu su cika. Cikin masu matsa shida, nasu kaɗai aka karɓa.

Suhaibu ya karanta saƙon kantin sau biyu, ya zauna a kan buhun gyaɗa ya rufe ido.

"Abban Sadiya, ba ka murna?"

"Ina yi, Nusaiba. Bari dai in ɗan huta."

Iyaye, ku auna nauyin sharaɗi kafin ku ɗora wa mai neman 'yarku. Ma'aurata kuma su riƙe juna a lokacin ƙunci, Allah ba ya tozarta mai haƙuri.