Benen da Babu Shi a Takarda

"Wai ke ba ki yarda da kawuna ba ne?"

Bai taɓa yi mata magana da irin wannan muryar ba. Suna tsaye a falon gidan da zai saya a hannun kawunsa, inda za su tare, biki saura sati biyar. Fenti sabo fil, warinsa har hawa kai yake.

"Ni ban ce ba, abin ƙaunata. Zanen ginin kawai nake so mu gani, wanda hukuma ta buga wa hatimi."

"Mutumin da ya riƙe ni tun ina maraya zan ce wa kawo takarda? Da wane bakin?"

Ta ɗaga makullin da ke hannunta ta ƙwanƙwasa ginshiƙin da ke ɗauke da benen, kamar yadda Babanta magini ya saba yi. Lafiyayyen ginshiƙi da ƙarfi yake amsawa. Wannan kuwa... kamar an buga tsohuwar ƙwarya.

A ƙarƙashin irin wannan benen aka zaro gawar Baba bayan ginin ya rufta, shekara uku ke nan. Mai wancan gidan ya ɗora hawa na biyu ba izini, a kan harsashin da aka haƙa don hawa ɗaya.

"Ba zan iya kwana a nan ba," ta ce. "Ko da za ka fasa aurena..."

Ya fice bai waiwaya ba.

Kwana huɗu ba kira, ba saƙo. Waya na motsi sai ta zabura.

"Kin dai gaji ubanki," in ji Inna, tana share ido da bakin mayafi. "Taurin kai har da na sayarwa."

Rana ta biyar da hantsi ya yi sallama, da takarda a naɗe daga ofishin tsara gari. Ya shimfiɗa ta a gabanta. Ɗaki uku, falo, kicin.

"Nemo min matakala a nan."

Ta duba, ta sake dubawa. Babu. Ashe benen ba ya cikin zanen.

"Kawu fa?"

"Ya ce in zaɓa, ko shi ko 'yar magini." Ya naɗe takardar. "Na roƙe shi kada ya sa kowa a gidan. Ya rufe min ƙofa."

Hawaye suka zubo mata. "Na raba ka da shi..."

"Ba ke ba ce. Ciki da falo na samo mana, a ƙasa, ko fenti babu." Ya miƙa mata makulli. "Ban ce wa masu gidan komai ba tukuna. Taso mu je ki ƙwanƙwasa."